Babi na Uku: Unguwa da Ƙungiya, Tarihin Yadda AFC Wimbledon ta Tara Magoya Bayanta

3.0 Gabatarwa

Kowace ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana buƙatar mutanen da za su biya kuɗin ƙofa su shiga kallon wasanta. Manyan ƙungiyoyi suna da wasu hanyoyin samun kuɗi, kamar na talabijin da na tallace-tallace, amma ƙaramar ƙungiya ta unguwa ba ta da madogara sai jama'arta. Idan suka ƙaurace mata, to ƙarshenta ya zo. Saboda haka tambayar yadda ƙaramar ƙungiya za ta jawo magoya baya, ta kuma riƙe su, tambaya ce ta rayuwa ko mutuwa a gare ta.

Abin da aka fi ɗauka shi ne nasara ce take tara jama'a, wato ƙungiya ta yi ta cin wasa, 'yan kallo za su zo da kansu. Wannan babi zai gwada wannan ra'ayi a kan tarihin ƙungiyoyi biyu na unguwar Wimbledon da ke kudu maso yammacin birnin Landan a ƙasar Ingila. Ta farko ita ce Wimbledon FC, wadda ta ci babban kofi amma ta rasa jama'arta. Ta biyu kuwa ita ce AFC Wimbledon, wadda aka kafa a shekarar 2002 ba fili, ba 'yan wasa, amma ta fara da dubban 'yan kallo. Za a nuna cewa abubuwa uku ne suka bambanta su: mazauni, da mallaka, da kuma aikin da aka ba magoya baya su yi da hannunsu.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a san cewa gasannin Ingila hawa-hawa ne kamar tsani. Matakai huɗu na sama su ne na ƙwararru, masu ƙungiyoyi 92. Daga mataki na biyar zuwa ƙasa akwai ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi na garuruwa da unguwanni. A ƙarshen kowace kakar wasa, waɗanda suka yi fice sukan hau gaba, na ƙarshe kuma su gangara.

3.1 Asalin Wimbledon FC da Hawanta (1889–1988)

An kafa ƙungiyar ne a shekarar 1889, kuma tsofaffin ɗaliban wata makaranta mai suna Old Central ne suka kafa ta, shi ya sa aka fara kiranta Wimbledon Old Centrals. Ta fara wasanninta a wani makeken fili na jama'a da ake kira Wimbledon Common. A shekarar 1912 ta tare a filin Plough Lane, a yankin da yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Merton, inda ta zauna kusan shekara tamanin. A mafi yawan wannan lokaci ƙungiya ce ta 'yan sha'awa, waɗanda ba a biyansu albashi. A 1963 ta ci kofin 'yan sha'awa na ƙasa bayan ta doke maƙwabciyarta Sutton United da ci 4 da 2, kuma ɗan wasa ɗaya, Eddie Reynolds, shi ya ci dukkan ƙwallaye huɗun da ka.

Daga 1964 ta fara biyan 'yan wasanta. Ta lashe gasar kudancin Ingila sau uku a jere, a 1975 da 1976 da 1977, wanda ya sa aka zaɓe ta ta shiga mataki na huɗu na ƙwararru a 1977. Cikin shekara tara kacal, a ƙarƙashin mai horarwa Dave Bassett a mafi yawan tafiyar, ta kai mataki na farko a 1986. Ranar 14 ga Mayu, 1988, ta doke Liverpool da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na Kofin FA a filin Wembley. Lawrie Sanchez ne ya ci ƙwallon, mai tsaron gida Dave Beasant kuma ya tare bugun fenareti na John Aldridge. Cikin 'yan wasan wannan rana akwai John Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne.

Sai dai duk da wannan gagarumar nasara, matsakaicin yawan 'yan kallo a Plough Lane bai kai 10,000 ba a shekarun da ƙungiyar ta yi a can tana mataki na farko. Dalili kuwa shi ne hawan ya yi sauri fiye da yadda jama'a ke canza ƙungiya. Mazauna yankin da dama sun riga sun gaji goyon bayan Chelsea ko Fulham ko Crystal Palace daga iyayensu tun Wimbledon tana ƙungiyar 'yan sha'awa. Wannan shi ne darasi na farko da tarihin ya bayar: kofi yakan jawo hankali na ɗan lokaci, amma goyon baya abu ne da ake gina shi daga tsara zuwa tsara.

3.2 Barin Gida da Abin da ya Biyo Baya (1991–2002)

A watan Afrilu na 1989 aka yi mummunan turmutsitsi a filin Hillsborough da ke Sheffield, wanda ya zama sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Rahoton da alƙali Taylor ya fitar a 1990 ya ba da shawarar cewa dukkan filayen manyan ƙungiyoyi su zama na kujeru zalla, a daina tsayuwa. Shugabannin Wimbledon, ƙarƙashin mai ƙungiyar Sam Hammam, suka ce gyaran Plough Lane ba zai yiwu ba. Saboda haka a 1991 ƙungiyar ta koma haya a filin Selhurst Park na Crystal Palace, a wata ƙaramar hukuma daban. An ce zaman na wucin gadi ne, amma ya kai shekara goma sha biyu.

Illar wannan ƙaura ta fito fili ranar 26 ga Janairu, 1993, lokacin da mutum 3,039 kawai suka kalli wasan Wimbledon da Everton, adadi mafi ƙanƙanta a tarihin gasar Firimiya a wasan da aka buɗe ƙofa ga kowa. Gaskiya ne cewa a ƙarshen shekarun 1990, zamanin su Efan Ekoku na Nijeriya da Robbie Earle, matsakaicin 'yan kallo ya haura 15,000. Amma kaso mai yawa na wannan adadi magoya bayan ƙungiyoyin baƙi ne, waɗanda ke samun tikiti cikin sauƙi a Selhurst Park. Yaran unguwar Wimbledon kuwa sun tashi ba su ga ƙungiyar tana wasa a unguwarsu ba.

Maimakon neman hanyar komawa gida, sai masu ƙungiyar suka shiga neman garin da ke da 'yan kallo a shirye. An yi yunƙurin kai ta birnin Dublin na ƙasar Ireland, amma hukumar ƙwallon ƙasar ta ƙi. A 1997 Hammam ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga wasu attajirai biyu 'yan ƙasar Norway, Kjell Inge Røkke da Bjørn Rune Gjelsten. An sayar da filin Plough Lane ga wani kamfanin kantuna, daga baya aka rushe shi aka gina gidaje. Ranar 14 ga Mayu, 2000, shekara goma sha biyu daidai da cin kofi, ƙungiyar ta faɗo daga gasar Firimiya.

A watan Agusta na 2001 shugaban ƙungiyar, Charles Koppel, ya bayyana niyyar kai ta Milton Keynes, sabon gari mai nisan kimanin kilomita 90 daga Wimbledon, inda wani ɗan kasuwa, Pete Winkelman, ke neman ƙungiyar ƙwararru. Hukumar gasar ta ƙi amincewa da farko, magoya baya kuma suka yi ta zanga-zanga tsawon kakar wasan. Amma ranar 28 ga Mayu, 2002, wani kwamiti mai mutum uku da hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta naɗa ya amince da ƙaurar da rinjayen biyu a kan ɗaya. Rahoton kwamitin har ya nuna cewa kafa wata sabuwar ƙungiya a Wimbledon ba zai amfani harkar ƙwallo ba.

3.3 Kafa AFC Wimbledon (2002)

Kwana biyu bayan wannan hukunci, ranar 30 ga Mayu, 2002, magoya baya suka yanke shawarar kafa tasu ƙungiyar. Waɗanda suka jagoranci aikin su ne Kris Stewart da Ivor Heller da Marc Jones da Trevor Williams. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne akwai tsari a ƙasa tun kafin wannan rana. A watan Fabrairu na shekarar an riga an ƙaddamar da wata ƙungiyar haɗin kai ta magoya baya mai suna Dons Trust. Irin wannan ƙungiya ta fara bayyana ne a Northampton Town a 1992, kuma ƙa'idarta ita ce kowane mamba yana da ƙuri'a ɗaya, komai yawan kuɗinsa. Aka danƙa mallakar sabuwar ƙungiyar ƙwallon a hannun Dons Trust.

Da yake ba su da 'yan wasa, sai suka yi shela cewa duk mai sha'awa ya zo gwaji. Ranar 29 ga Yuni, 2002, kimanin mutum 230 suka hallara a Wimbledon Common, wato wurin da tsohuwar ƙungiyar ta fara wasa a 1889, mai horarwa Terry Eames kuma ya zaɓi 'yan wasansa daga cikinsu. Ranar 10 ga Yuli aka yi wasan sada zumunta na farko da Sutton United. An ci AFC Wimbledon 4 da nema, amma mutum 4,657 ne suka kalli wasan. Idan aka kwatanta wannan adadi da 3,039 na wasan Firimiya na 1993, za a ga cewa ba darajar gasa ko sunan 'yan wasa ne ya kawo waɗannan mutane ba.

An karɓi ƙungiyar a gasar Combined Counties, mataki na tara a tsanin Ingila, inda ƙungiyoyi suka saba da 'yan kallo 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka. Ta yi hayar filin Kingsmeadow na ƙungiyar Kingstonian a ƙaramar hukumar Kingston, maƙwabciyar Merton. A kakar wasa ta 2002 zuwa 2003 matsakaicin 'yan kallonta ya kai kimanin 3,000, wanda ya ɗara na tsohuwar ƙungiyar da ke mataki na biyu a Selhurst Park. Ita kuwa tsohuwar, saboda ƙauracewar da aka yi mata, akwai wasannin da 'yan kallonta ba su kai 1,000 ba. Ta shiga halin fatarar kuɗi a watan Yuni na 2003, ta koma Milton Keynes a watan Satumba, sannan a 2004 aka canza mata suna zuwa Milton Keynes Dons.

3.4 Hanyoyin da aka Bi Wajen Riƙe Jama'a da Ƙara Su

Fushi yana iya tara jama'a na kaka ɗaya, amma ba ya riƙe su shekara ashirin. Don haka ya kamata a duba abin da sabuwar ƙungiyar ta yi bayan da zafin rai ya lafa.

Hanya ta farko ita ce mallaka. Mambobin Dons Trust su ne ke zaɓen shugabanninsu, kuma manyan batutuwa, kamar sayar da fili ko canza suna ko mazauni, sai da ƙuri'arsu. A 2003, lokacin da ƙungiyar ta sayi haƙƙin filin Kingsmeadow, an tara wani ɓangare na kuɗin ne ta hanyar sayar wa magoya baya hannun jari, amma aka tsara shi yadda rinjaye zai ci gaba da zama a hannun Dons Trust. Mutumin da ya taɓa ganin an ɗauke masa ƙungiya da rana tsaka, wannan tabbaci ya fi masa kowane irin talla.

Hanya ta biyu ita ce aikin sa kai. Magoya baya su ne ke sayar da tikiti, da tsaron ƙofa, da sayar da mujallar wasa, da share fili da yi masa fenti. Wannan ya kai har ga shugabanci, domin Erik Samuelson, wanda ya yi shekaru yana babban jami'in gudanarwa har zuwa 2019, albashinsa na shekara fam guda ne da sule guda. Wanda ya zuba guminsa a wuri ba ya rabuwa da shi don an ci shi wasa ɗaya, kuma shi ne yakan jawo ɗansa da maƙwabcinsa. Hausawa na cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Hanya ta uku ita ce riƙe tarihi. Ƙungiyar ta ci gaba da sa riguna masu launin shuɗi da rawaya, ta riƙe laƙabin Dons, ta kuma dage cewa ita ce magajiyar ƙungiyar 1889. A 2007, bayan wata yarjejeniya, Milton Keynes Dons ta mayar wa ƙaramar hukumar Merton kofuna da kayan tarihin tsohuwar ƙungiyar. Ta haka tsofaffin magoya baya suka ga ci gaban abin da suka sani, yara kuma suka sami labarin da za su gada.

Hanya ta huɗu ita ce amfani da wannan labari wajen jawo na nesa. Kamfanin Sports Interactive, mai yin wasannin kwamfuta na horar da ƙungiya, ya fara ɗaukar nauyin rigar ƙungiyar a 2002. Daga 2014 kuma marubucin nan na Amurka, John Green, ya shiga cikin masu ɗaukar nauyi da kuɗin da yake samu daga bidiyonsa na YouTube, wanda ya sa ƙungiyar ta sami magoya baya a Amurka da ba su taɓa taka Landan ba.

Ba za a ce nasara ba ta taka rawa ba. Daga Fabrairu 2003 zuwa Disamba 2004 ƙungiyar ta yi wasan gasa 78 a jere ba a doke ta ba. Ta hau mataki biyar cikin shekara tara, kuma ranar 21 ga Mayu, 2011, ta doke Luton Town da bugun fenareti 4 da 3 a Manchester, ta shiga sahun ƙwararru. Ranar 30 ga Mayu, 2016, ta doke Plymouth Argyle 2 da nema a Wembley ta hau mataki na uku, inda Lyle Taylor da Adebayo Akinfenwa suka ci ƙwallayen. Abin lura shi ne jerin yadda abubuwan suka faru: jama'a ne suka fara zuwa, kuɗin ƙofarsu ya ba ƙungiyar ƙarfin da ya fi na abokan karawarta a ƙananan matakai, nasara kuma ta biyo baya.

3.5 Komawa Plough Lane (2015–2025)

Filin Kingsmeadow bai kai ya ɗauki mutum 5,000 ba, kuma ba a Merton yake ba. Saboda haka ya zama shinge ga ƙaruwar 'yan kallo. A watan Disamba na 2015 ƙaramar hukumar Merton ta ba da izinin gina sabon fili a wurin tsohon filin tseren karnuka da ke kan titin Plough Lane, 'yan mitoci ɗari daga inda tsohon filin yake. Don samun kuɗi, mambobi suka amince a sayar wa Chelsea filin Kingsmeadow.

A ƙarshen 2019 aka gano akwai giɓin kimanin fam miliyan 11 a kuɗin ginin. Aka kawo shawarar a karɓi kuɗin wasu masu zuba jari, a madadin haka Dons Trust ta rage ikonta. Wannan ita ce jarrabawa mafi girma ga ƙa'idar da aka kafa ƙungiyar a kai. Wasu magoya baya suka fito da wani tsarin rance a farkon 2020, inda kowa zai ba ƙungiyar bashi ya kuma zaɓi ribar da yake so cikin iyakar da aka ƙayyade. Ta wannan hanya aka tara fiye da fam miliyan 5, aka cike sauran ta wasu hanyoyi ba tare da an saki rinjaye ba.

An yi wasan farko a sabon filin ranar 3 ga Nuwamba, 2020, da Doncaster Rovers, aka tashi 2 da 2, amma ba ɗan kallo ko ɗaya saboda annobar korona. A cikin wannan annoba ne, a watan Maris na 2020, wasu magoya baya suka kafa Dons Local Action Group, wadda ta riƙa tara abinci a ƙofar kantuna tana kai wa mabuƙata a gida. Wannan aiki ya gabatar da ƙungiyar ga mazauna yankin da ba su damu da ƙwallo ba. Da aka buɗe ƙofofi sosai a watan Agusta na 2021, filin mai ɗaukar mutum fiye da 9,000 ya ɗaga matsakaicin 'yan kallo daga kimanin 4,000 na Kingsmeadow zuwa sama da 7,000. Ƙungiyar ta faɗo zuwa mataki na huɗu a 2022, amma adadin bai koma na da ba. A watan Satumba na 2024 ambaliyar kogin Wandle ta lalata wani sashe na filin, jama'a suka tara fiye da fam 100,000 cikin 'yan kwanaki don gyara. A watan Mayu na 2025 ƙungiyar ta doke Walsall 1 da nema a Wembley ta koma mataki na uku.

3.6 Iyakokin Wannan Misali

Akwai abubuwa biyu da adalci ya buƙaci a faɗa. Na farko, AFC Wimbledon ba daga sifiri ta fara ba ta fuskar jama'a. Ta gaji dubban magoya baya da sunan da duniya ta sani, abin da mafi yawan ƙananan ƙungiyoyi ba su da shi. Don haka abin da za a iya ɗauka daga tarihinta shi ne hanyoyin riƙe jama'a da ƙara su, ba yawan da ta fara da shi ba.

Na biyu, ci gabanta ya shafi wata ƙaramar ƙungiyar. Kingstonian, wadda ta ba ta masauki a 2002, ta koma 'yar haya a filinta na da tun daga 2003, sannan ta bar shi a 2017 bayan an sayar wa Chelsea. Ko da yake an ba ta kuɗin sallama, kuma matsalar kuɗinta ta girmi zuwan AFC Wimbledon, ta shiga yawon haya a filayen wasu ƙungiyoyi, da farko na Leatherhead, sannan na Corinthian-Casuals. Wato ciwon rashin mazauni da ya kashe tsohuwar Wimbledon shi ne ya koma kan mai masaukin sabuwar.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bi tarihin ƙwallon ƙafa a unguwar Wimbledon daga 1889 zuwa 2025. An ga cewa tsohuwar ƙungiyar ta ci Kofin FA, ta yi shekara goma sha huɗu a mataki na farko, amma da ta bar filinta a 1991 sai ta rasa tushen da za ta gina sababbin magoya baya a kai, har masu ita suka ɗauke ta zuwa wani gari. An kuma ga cewa sabuwar ƙungiyar ta tara jama'a tun tana mataki na tara, ta hanyar ba su mallaka da aikin yi da tarihin da za su riƙe, sannan ta kusan ninka yawansu da ta koma unguwarta. Sakamakon da wannan tarihi ya nuna shi ne, ƙaramar ƙungiya tana samun magoya baya masu ɗorewa ne idan mutanen wurin suka tabbata tasu ce kuma ba za ta bar su ba, nasarar fili kuma tana zuwa ne a matsayin ƙari a kan wannan tushe.